Giyata ta tsaya da zaƙi: silindar oksijin zan saya ko famfon kifi?

Ɗan Tudun Wada:
Jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Tun kafin a fara yi mini wa'azi bari in faɗa, nan Denba ta Amurka inda nake zaune doka ta yarda mutum ya dafa giyarsa a gida. Shugaba Jimmy Carter ne ya sa hannu a 1978. Galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, 200 idan manya biyu ne ko fiye a gidan, muddin ba sayarwa za ka yi ba. Ni ko galan 40 ba na kaiwa.

Shekara biyu ke nan ina yi, lita 19 a kowace dahuwa, ban taɓa samun matsala ba. Bana na ce bari in yi mai ƙarfi saboda Kirsimeti. Ruwan tsiron, wato ruwan zaƙin da ake dafawa daga hatsin da ya tsira, ya fito da kauri, ma'aunin sukari ya nuna 1.090, lambar da ke sauka yayin da yis ke cin sukarin. Na huce shi, na girgiza jarkar har kafaɗata ta gaji, na zuba yis. Kwana huɗu tana tashi, kumfa har bakin murfi, sai ta yi tsit a 1.034. Sati biyu ina leƙawa, ko motsi. Na ɗanɗana, sai ka ce kunun zaƙi da aka ƙara wa zuma.

Mai shagon da nake sayen kaya ya ce oksijin ne ya yi wa yis kaɗan, ya jero mini abu uku: famfon iska irin na akwatin kifi, da 'yar jar gwangwanin oksijin da ake yarwa in ta ƙare, da silinda irin ta masu walda. Na ga kamar so yake ya sayar da kayansa kawai. Wanda ya sani ya taimaka.

Maman Ladi:
Ikon Allah! Giya kuma sai an sa mata oksijin kamar mara lafiya a gadon asibiti? Kakata ta shekara talatin tana burukutu, ban taɓa ganin silinda a gidanmu ba sai ta girki, ita ma daga baya.

Mai Biredi Zariya:
Ni dai kun san ba na sha, ba na kuma ba da shawarar a sha. Amma yis abokin aikina ne kullum, shi ya sa zan zauna in ji. Ni tambayata, ba an ce yis ba ya son iska in ana son ya yi barasa ba? Haka aka koya mana a sakandare.

Shugaban Zaure:
Madalla da Malam Mai Biredi. Haka muke so. Zauren nan na kimiyyar abinci ne, akwai Musulmi akwai Kirista, jiya maganar daddawa muka yi, shekaranjiya nono. Wanda batun yau bai yi masa ba ya wuce, kada a kawo mana gardamar addini. Anti Lab, ke muke jira.

Anti Lab:
Ga ni, yanzu na fito daga aji. Malam Mai Biredi, abin da aka koya maka rabin zancen ne.

Yis ba numfashi yake so ya yi da oksijin ɗin nan ba. In sukari ya yi yawa a ruwa, yis ɗin giya barasa zai yi ko da iska ko babu. Abin da yake yi da oksijin gini ne. Kowace ƙwayar yis tana da fata, fatar nan kuma sai da wasu nau'o'in kitse, musamman wanda ake kira sitirol, kuma ba ya iya haɗa su sai da oksijin. An tabbatar da haka tun 1953 da 1954, lokacin da wasu masana biyu, Andreasen da Stier, suka nuna yis ba ya ci gaba da yaɗuwa inda babu iska sam sai an zuba masa kitsen da hannu.

To ku duba. Uwa ta tsira 'ya, sai ta raba kitsen fatarta da ita. 'Yar ma ta tsira tata, ta sake rabawa. Bayan haihuwa uku ko huɗu fata ta yi laushi, ga barasa tana ƙaruwa tana cinta. Sai yis ya gaji ya kwanta a gindin jarka, sukari na nan bai ci ba. Ita kuma tafasa tana korar iskar da ke cikin ruwa gaba ɗaya, shi ya sa sai an mayar da ita bayan ya huce, kafin yis ya fara aiki.

Ƙanena, kafin in ce maka sayi wani abu, wane irin yis ka zuba, kuma nawa?

Ɗan Tudun Wada:
Na ruwa ne Anti, fakiti ɗaya. Ya yi kamar wata uku a firij. Da can busasshe nake amfani da shi, na 'yar leda mai giram 11 da rabi, wannan karon na ce bari in gwada na manya.

Anti Lab:
Ato! Ga inda gizo yake saƙa. Shi busasshen yis a masana'anta cikin iska mai yawa ake renonsa, yana zuwa da guzurin kitsensa. Kamfanonin da ke yin sa irin su Fermentis da Lallemand da kansu suna cewa ba dole ne a sa wa ruwan tsiro iska ba a zubin farko. Shekara biyun da ka yi lafiya, ba girgizarka ce ta cece ka ba, yis ɗin ne ya zo da abinsa.

Na ruwa kuwa fakiti ɗaya ƙwaya wajen biliyan 100 ne ranar da aka cika shi, kuma kullum raguwa yake. Ruwa mai kaurin 1.090, lita 19, yana neman kusan biliyan 300. Ka tura mutum ɗaya, mai yunwa, ya nome gonar mutum uku.

Baba Fansho:
Assalamu alaikum, gaisuwa ga kowa. Na yi shekara ashirin da 'yan kai a kamfanin giya kafin in yi ritaya, ba zan faɗi suna ba. Malama ta yi daidai, amma kada yaron nan ya ɗauka sai da silinda ake giya. Mu iska muke bugawa, iskar nan ta Allah, an tace ta an busar da ita. Ruwan tsiro na fitowa daga injin sanyaya, a cikin bututun nan take haɗuwa da iskar, kafin ya isa tanki. Miligiram 8 na oksijin a lita muke nema, mu samu, mu wuce.

Abin da ya ba mu wahala ba iska ba ce. A 1988, zamanin Babangida, da aka hana shigo da tsiron sha'ir, aka ce mu koma dawa da masara, nan muka ga tasku. Ruwa ya ƙi tacewa, yis ya rasa abincin da ya saba, sai da aka shigo da sinadarai masu narka sitaci. Yau ga shi ana giyar dawa a Nijeriya kamar da ita aka fara. Wannan labarin wata rana ne.

Ni shawarata, famfon kifi da abin tace iska. Araha, babu haɗari, kuma ba za ka taɓa wuce gona da iri ba, domin iska tana da iyakar da ba ta ƙetarewa.

Anti Lab:
Baba, ranka ya daɗe, iyakar nan ita ce damuwata. Iska kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Ruwa zalla mai sanyin digiri 20 a bakin teku, duk yadda ka buga shi, miligiram 9 da ɗan ɗoriya zai riƙe. Da ka narka sukari a ciki sai ya ragu, shi ya sa kuke tsayawa wajen 8. Giyarku ta kamfani ba ta da kauri sosai, 8 ya ishe ta. Tasa mai kauri ce, ta fi buƙata, kuma ita ce ta fi ƙin riƙewa.

Sannan kun manta inda yake. Denba tana bisa tudu mita 1,600 da 'yan kai, nauyin iska a can kamar kashi 82 ne na bakin teku. Ke nan 8 ɗin Baba ta koma 6 da rabi tun kafin a yi maganar kauri. Ko da ya kwana yana busa famfon kifi ba zai ga 10 ba, shi kuwa irin wannan ruwa 12 zuwa 15 ake so.

Ɗan Tudun Wada:
Wato na gudu daga tudun Jos na faɗa wanda ya fi shi.

Maman Ladi:
Jos ɗin ma ai ta haura mita 1,200, ga shi burukutu bai taɓa ƙin tashi ba.

Amma Anti kin tuna mini wani abu. Bayan tafasa ta biyu, kaka ba ta barin ruwan ya huce da kansa. Sai ta sa mu a gaba, kowa da ƙwarya, mu ɗebo daga babbar tukunya mu ɗaga sama mu sheƙa cikin wata, kamar mai shayi. Kumfa ya taru fari fat, hannu ya yi ta zafi, mu muna ƙunƙuni. Ta ce don ya yi saurin hucewa ne. Sai can da dare ta ɗauko tsohuwar tukunyar da ba a taɓa wanke cikinta da sabulu ba, ta zuba ragowar na wancan satin. Da asuba za ka ji tukunya tana magana ita kaɗai.

Anti Lab:
Mama, oksijin ɗin ke nan kuka sa da ƙwarya, ba ku sani ba. Kuma ragowar da take zubawa yis ne mai rai, yana tsakiyar aiki, ga shi da yawa. Sai dai burukutu da abin da ƙaninmu ke yi ba tafiyarsu ɗaya ba. Burukutu ana shan sa yana kan tashi, da tsaminsa, cikin kwana biyu ko uku an gama da shi, in ya wuce haka ya zama ruwan tsami. Babu wanda ya damu ko sukari ya ƙare. Shi kuwa so yake yis ya cinye sukari har barasa ta kai kashi 9, a sa a kwalba, ta yi wata shida ba ta canza ba.

Ɗan Manchesta:
Ni nas ne, ina kuma ɗan taɓa dahuwar a nan Ingila. Girgiza nake yi kawai. Na ga inda kamfanin yis na Wyeast ya ce girgizar ƙasa da minti ɗaya tana kai ruwa miligiram 8. Me zai sa in sayi silinda?

Anti Lab:
Na san wannan. Amma kamfanin yis na White Labs da ke San Diyego su ma sun auna, a ruwa mai kauri wajen lita 20, girgizar minti biyar ba ta kai su ko 3 ba. Da suka sa oksijin zalla ta cikin dutsen busa iska mai ƙananan ƙofofi, lita ɗaya a minti, sai minti ɗaya ya ba su wajen 9, minti biyu wajen 14. Ba na cewa wani ya yi ƙarya. Girgiza ta danganta da yawan iskar da ke saman jarka, da ƙarfin hannu, da ko kana buɗe murfi sabuwa ta shiga. Abin da na ƙi da ita ke nan, yau ka samu, gobe ka rasa, kuma ba ka da yadda za ka sani. Kai a Manchesta kusa da teku kake, in giyarka mara nauyi ce, ci gaba da girgizarka.

Ɗan Manchesta:
Na yarda. Amma roƙo ɗaya, kada kowa ya je ya nemo silindar asibiti ta bayan fage. A Amurka sai da takardar likita ake cika ta, a gida kuwa duk mun ga yadda mutane suka yi ta neman oksijin lokacin korona. A bar wa marasa lafiya abinsu.

Oga Walda Bukuru:
Tun ɗazu ina karantawa, yanzu aka zo unguwarmu. Ɗan'uwa, ban san giya ba amma na san silinda.

Jar gwangwanin nan da ka ce, na taɓa ganin irinta wajen wani mai gyaran firij. Giram 40 ne a ciki. Kuma zarenta na hagu ne, in ka murɗa dama kamar yadda ka saba sai ka ci zaren. Ɗan kan da ake ɗaura mata ba shi da agogo ko ɗaya, buɗewa da rufewa kawai. Ba ka san nawa ke fita ba, ba ka san nawa ya rage ba, sai ranar da kake tsakiyar aiki ta ce maka sai wata rana.

Tamu ta walda ko ƙaramar ciki za ta yi maka shekaru. Amma ka ji wannan da kyau, ka kuma gaya wa iyalinka. Oksijin da mai ba sa ga maciji. Kada man shafawa, ko giris, ko baƙin mai, ko man gyaɗa ya taɓa bakin silinda ko regileta, wato kan da ke daidaita fitar iskar. Wani yarona ya taɓa ganin zare ya yi tauri, ya lakato giris zai shafa, Allah ya sa ina kusa na buge hannunsa. Matsin abin da ke ciki ya kai fam 2,000 a kowane murabba'in inci, in ya haɗu da mai wuta yake kamawa ba tare da ashana ba. Ka buɗe a hankali, kada ka tsaya a gaban agogo, ka ɗaure ta da sarƙa jikin bango, ka nisanta ta da murhun da kake tafasa ruwanka.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Oga. To amma ta walda tana da tsabtar da za a sa a abin sha?

Oga Walda Bukuru:
Yawanci daga tanki ɗaya ake cika su da ta asibiti. Bambancin yana wajen kula da silindar, ta asibiti ana zuƙe cikinta kafin a sake cikawa, ana kuma bin diddiginta. Ka sayi sabuwa taka ta kanka, kada ka karɓi wadda ta zaga garejin duniya.

Baba Fansho:
Ka ƙara da 'yar matatar iska a kan tiyo, mai ramin maikiron 0.2 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), hankalinka ya kwanta. Ko da famfon kifin ne ma dole sai da ita, in ba haka ba ƙurar ɗaki da ƙwayoyin cuta za ka yi ta cusawa cikin ruwa mai zaƙi.

Har yanzu dai ina nan kan bakana, oksijin zalla a hannun wanda ba shi da ma'auni haɗari ne ga giya. Iska ta tsaya a 8, shi kuwa zai iya kai ka 30 ko fiye. Yis ya yi ta haihuwa, ya cinye abin da ya kamata ya zama giya, ƙanshi ya gudu, a bar ka da abu salam mai yaji a maƙogwaro. Na sha ganin haka.

Anti Lab:
Nan kam ba ni da ja, Baba. Shi ya sa ni a wurina abin da za a kashe wa kuɗi ba silinda ba ne, regileta ce mai nuna lita nawa ke fita a minti. Bari in yi muku lissafi. Miligiram 10 sau lita 19, miligiram 190 ke nan, ko kashi ɗaya cikin biyar na giram bai cika ba. Lita ɗaya ta oksijin kuwa ta fi giram ɗaya nauyi. Ashe mafi yawan abin da ake busawa sama yake tafiya. In ka ga ruwa yana ɓulɓula kamar tafasa, kuɗinka ne ke fita ta taga. Abin da ake so ƙananan kumfa ne masu tashi a hankali, da ƙyar su taɓa sama.

Jar gwangwanin Oga, giram 40, kusan lita 30 ke nan. Da ana iya auna ta, da ta yi dahuwa talatin. Da yake ba a iyawa, mutane kan ƙarar da ita tun ba a je ko'ina ba.

Sai dutse. Sunansa ne dutse, amma garin ƙarfe ne mara tsatsa da aka matse ya zama mai ƙofofi. Akwai na maikiron 2, akwai na 0.5. Na 0.5 ya fi ba da ƙananan kumfa, amma famfon kifi ba shi da ƙarfin tura iska ta cikinsa, sai silinda. Ka sayi mai dogon sanda don ya kai gindin jarka, na kan tiyo yawo yake yi a sama. Kada ka taɓa shi da yatsa, maiƙon hannu yana toshe shi. Tafasa shi minti goma kafin aiki, ka kunna iska kafin ka tsoma, ka ciro kafin ka kashe, in ba haka ba ruwan zaƙi ya shige ciki ya bushe.

Mai Biredi Zariya:
To tunda kitse yake nema, me ya hana a zuba masa mai kawai a huta?

Anti Lab:
Malam, ka yi tunanin masana! An gwada. Wani ma'aikacin kamfanin New Belgium, nan Kolarado kusa da ƙaninmu, ya yi bincike a kai da man zaitun wajen 2005. Ya yi aiki, sai dai tashin ya ɗan yi jinkiri, ƙanshin ma ya ɗan canza. Kuma abin da lita 19 ke buƙata bai kai ɗigo ɗaya ba, ɗan abin da zai maƙale a bakin tsinke ne. Man zaitun kuma nau'in kitse ɗaya yake bayarwa, ba ya maye gurbin sitirol.

Ɗan Tudun Wada:
To wadda ta tsaya fa? In na sayo kayan in busa mata?

Baba Fansho:
Kul! Kada ka soma. Oksijin kafin tashi abinci ne, bayan tashi guba ne. Za ta yi warin jiƙaƙƙen kwali. Ruwa mai kauri irin naka ana iya ƙara masa sau ɗaya bayan awa 12 zuwa 18 da zuba yis, daga nan an rufe ƙofa. Haka kuma ba a busa wa ruwa yana da zafi, sai ya sauko wajen digiri 20. Wadda ta tsaya, ka tayar da sabon yis a lita ɗaya ta ruwan tsiro mara kauri, in ya kai tsakiyar tashinsa ka juye mata, ka ɗan ɗumama ɗakin. Wani lokaci takan motsa, wani lokaci sai haƙuri.

Mai Biredi Zariya:
In ta ƙi, ka mayar da ita khal, wato ruwan tsami. Su ƙwayoyin khal kullum cikin neman iska suke, can famfon kifin Baba zai yi rana. Wannan kam ko ni sai in karɓi kwalba.

Anti Lab:
Sai dai ya sirka ta da ruwa tukuna, kuma ɗacin furen hof da ake sa wa giya zai bi ta. Amma ya fi zubarwa.

Ɗan Tudun Wada:
Jama'a na dawo, sati bakwai ke nan. Na sayi ƙaramar silindar walda sabuwa, da regileta mai agogon lita, da dutse na 0.5 mai sanda. Na ɗaure ta da sarƙa a gareji kamar yadda Oga ya ce, madam ta zo ta duba da kanta. Na maimaita dahuwar nan, 1.090 daidai. Na reni yis kwana biyu kafin ranar, na busa lita ɗaya a minti na tsawon daƙiƙa 90, na ƙara daƙiƙa 30 washegari da sassafe. Cikin awa takwas ta fara tashi. Kwana tara ta sauka 1.020.

Ta farkon na juye mata sabon yis, ta sauko 1.028 ta sake tsayawa. Tana bokiti yanzu da ƙyalle a baki, Malam Mai Biredi ka fara neman kwalba.

Anti Lab:
Barka. Amma abu biyu ka canza a lokaci guda, yawan yis da oksijin. Da ɗalibina ne da na mayar masa da takardarsa. Nan gaba ka raba ruwan gida biyu, yis iri ɗaya, ɗaya ka girgiza, ɗaya ka busa, ka kawo mana lambobin.

Baba Fansho:
Ka raba uku. Ka ari famfon kifi, a sa nawa a ciki.

Ɗan Tudun Wada:
Baba, jarka biyu gare ni, ta ukun khal ya cinye. Kuma dutsen ya toshe, ƙaramin ɗana ya same shi a kan tebur bayan ya ci soyayyen dankali. Anti, tafasawa kawai zan yi ko akwai abin da ake jiƙa shi a ciki?

Anti Lab:
Tafasa shi minti goma sha biyar, ka busa oksijin ta ciki tun yana da zafi. In bai buɗe ba ka jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan wankin kayan giya, ka ɗauraye sosai, ka sake tafasawa. Daga nan ka sa shi a leda ka ɗora saman kabad.